Humrar Inna da Shaddar Yaya Mutari

Alhamis, 2 ga Oktoba 2025, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Ina zaune bakin ƙofar ɗakin Inna, a gidanmu na Konni. An idar da la'asar. Shekaranjiya aka yi sadakar bakwai. An mayar da tabarmin aro, saura biyu da ba a san masu su ba. Baba yana zaure shi kaɗai. Gwaggo Takama, yayar Baba da ta zo daga Tajaye, ta ce tana nan tare da mu har arba'in.

Kwalbar humrar Inna tana gabana. Na auna da rula: humrar da ta rage santimita uku da rabi ce daga gindi. Ita ce ta ƙarshe da Inna ta haɗa. Ba ta taɓa rubuta yadda take haɗawa ba, don ba ta yi lakwal ba, wato boko. Ni da na yi, shekara biyar ina Yamai ina karatun haɗa sinadarai, ban taɓa zama na tambaye ta ba.

Ɗazu saƙon murya ya shigo daga Yaya Mutari. Shekararsa uku a Tamanrasat ta Aljeriya yana aikin gini. In ya fito, ba lalle ya iya komawa ba, shi ya sa bai zo ba. Ya ce:

"Nasiba, ni ban ga komi ba. Ban ɗauka ba, ban zuba ƙasa ba. Ki aiko min da wani abu da ke ƙamshinta. Ko tsumma ne."

Na saurara sau ɗaya. Ban amsa ba tukuna.

Asabar, 4 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na makara.

Na je kai wa maƙwabta kwanoninsu, na dawo na tarar Gwaggo ta fito da kayan Inna duka ta wanke. Zannuwa, kallabai, mayafai, har na ƙasan akwati. Igiya uku cike.

"Gwaggo, da kin bar ko guda."

"A bari a yi mi da shi, ɗiyata? Kayan wanda ya riga mu ba a ajiye su da dauɗa. Ran arba'in za a raba ma mabuƙata, lada ta iske ta."

Gaskiyarta. Da ta shiga ciki na bi igiyoyin ina sansanawa ɗaya bayan ɗaya. Sabulu. Duk sabulu.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan azahar

Mati, wani ɗan Tajaye da ke aiki wuri ɗaya da Yaya, ya zo gaisuwa. Ya dawo noma ne, zai koma Talata 4 ga Nuwamba in an gama ɗaure hatsi. Ya ce in akwai saƙo zai kai, amma kada in sa rai da sauri. Ana iya wata guda a hanya, ana tsayawa Agadas, ana tsayawa Arlit. Kwalba kuwa ya ce a'a: ana zazzage jaka a hanya, abin ruwa ba ya isa.

Ko na zuba humrar a zane, kafin Agadas rana ta shanye ta.

To ga abin da nake tunani, kuma a kansa na yi aikin ƙarshen karatuna. Ana iya kulle turare cikin ƙwayoyi ƙanana masu ɓawo, waɗanda a lakwal muke ce wa mikrokapsul. Kowace ƙwaya ɗigon mai ne a tsakiya, ɓawo na kewaye da shi. Ba su kai kaurin gashin kai ba. In an manna su a jikin yadi, ƙamshin na nan a kulle wata da watanni. Sai an murza wurin ɓawon ke fashewa, ƙamshi ya fito kaɗan. Ɓawon kuwa da polimer ake yin sa, wato abu mai danƙo irin ƙaro da jelatin. Ƙaro ga shi nan a kasuwa buhu-buhu.

Akwai yadin da ya dace. Bara Inna ta sayo shadda yadi biyar, ruwan zuma, ta ajiye. Ba ta ce ta wane ce ba. Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna tana kewarsa ba. Da aka tambaye ta sai ta ce, "Ta wancan ce, in ya ga damar dawowa." Duk tafiyar da ya yi, ita ke tura masa kaya a baro har tasha da kanta.

Na je zaure na durƙusa.

"Baba, ina son kwalbar Inna da shaddar Yaya."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Ɗauki."

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Laraba. Ranar da Inna ta rasu, daidai wannan lokaci. Ban yi komai ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Babu jelatin a Konni, na zaga farmasi huɗu. Na ce bari in fitar da shi da kaina, tunda daga fata ake samun sa. Na sayo ganda na dafa tun safe, na tace, na sake tacewa. Ya daskare kamar yadda ya kamata, amma gidan duka ya ɗauki ƙamshin farfesu.

Gwaggo ta leƙo madafa. "Ashe karatun Yamai dahuwar ganda ne? Da kin hwaɗi, da mun koya miki a Tajaye kyauta."

Na yi dariya. Ita ce ta farko tun ranar. Sai na ji kunya.

Ba zan kulle Inna cikin romon saniya ba. Na kira Latifa, ƙawata tun muna lise, makarantar sakandare, wadda ke aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje na wani gidan likita a Malbaza. Ta ce ƙanen mijinta na shiga Sakkwato, zai samo na gari, na saniya, irin na masu yin kek.

Na aika wa Yaya: "Zan aiko. Ka ba ni lokaci." Ya amsa: "Ko ƴan ɗakinmu su ce na yi amarya, ba komi."

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Jelatin ya iso. Na fara gwaji da turaren kasuwa mai araha. Humrar ba zan taɓa ta ba sai hannuna ya zauna.

Yadda ake yi: a narkar da jelatin a ruwa mai ɗumi, digiri hamsin. A narkar da ƙaro daidai nauyinsa, a tace. A zuba man turare a kaɗa har ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo. A riƙa ɗiga binegar ana dubawa da takardar awo har tsamin ya kai pH huɗu. A nan ne jelatin da ƙaro ke kama juna su lulluɓe kowane ɗigo. Sai a sanyaya sannu a hankali, ana juyawa, har ƙasa da digiri goma. A ƙarshe a ƙarfafa ɓawon.

A jami'a da wani sinadari muke ƙarfafawa, babu shi a nan. Amma ruwan bagaruwa na ƙarfafa fata a hannun majema, kuma jelatin ɗan fata ne. Na karanta cewa yana yi.

Gwajin yau ya lalace. An ɗauke wuta ina tsakiyar kaɗawa, na ci gaba da maburgi, abin ya dunƙule kamar kunun da ba a dama ba.

Kullum da rana tsaka nakan ji kamar Inna za ta kira ni in sauke tukunya.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Laraba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Gwaji na biyu na zuba ƙanƙara da wuri, ya dunƙule. Na uku binegar ta yi yawa. Na huɗu ya kwanta a gindin kwano kamar ƙullun koko, mai laushi, kuma bai da ƙamshi sosai. Rashin ƙamshin ne alamar kirki: turaren ya shiga ciki.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe shida saura na yamma

Na je Malbaza. Motocin siminti sun cika hanya, muka bi bayan ɗaya har gari. Gidan likita cike da mata da yara, lokacin masassara ne. Na jira Latifa ta gama duba jini kafin ta ba ni mikroskof ɗinta.

Ta ce, "Madam injiniya, yi maza. In shef ɗinmu, babban labo, ya shigo, ce mishi jinin aljani ne kika kawo."

Na ɗiga a gilas na leƙa. Suna nan. Zagaye, ƙanana da manya, kamar ƙwan kifi, kowace da haske a tsakiya da zobe mai duhu a baki. Yawancinsu tsakanin mikron ashirin da arba'in.

Latifa ta leƙa ta ce, "Wallahi sun yi kyau. To duk wahalar ga don mi? Kanti za ki buɗe?"

Na buɗe baki in faɗa. Sai na mayar da ido kan gilas ɗin. Ta dube ni, ta rufe ƙofar labo, ta ce, "Bari. Na gane." Muka zauna a kan benci har aka ƙwanƙwasa.

Ita kaɗai ta sani. A gida ban iya faɗa ba. In na ce "ƙamshin Inna" da bakina, to na yarda ke nan cewa shi kaɗai ya rage.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na manna ƙwayoyin gwaji a ƙyallaye da irin danƙon da masu buga rubutu a riga ke amfani da shi, wanda ke bushewa ba sai da wuta ba. Na jarraba duk abin da takardun da na karanta suka ce yana kashe su.

Wanki: bayan wanki uku da hannu akwai saura, amma ya ragu ƙwarai.

Guga: dutsen guga mai gawayi ya fasa kusan duka a shafa ɗaya.

Rana: kwana biyu a kan igiya, ya ragu kaɗan.

Ke nan abu uku ne abokan gaba. Wanki, guga, rana. Na bi takardun Faransanci da na Turanci da ke wayata, ban ga na huɗu ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Laraba. Mai kayan turare ya zo ƙofa yana sallama, bai ji labari ba. Gwaggo ce ta fita.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Yau na buɗe kwalbar.

Humra ba mai zalla ba ce, akwai ruwa-ruwa a ciki, kuma mai kaɗai ke shiga ƙwaya. Na zuba ta a ruwan gishiri, na girgiza, na bari ta kwanta. Man ya taso sama. Na zuƙe shi da sirinji: mililita goma sha takwas. Na gane sandal, farce, kajiji, kanumfari, miski. Akwai wani abu a ƙasansu mai ɗan ɗaci da ban gane ba.

Ruwan da ya rage ma yana da ƙamshi, sai dai ba zai kullu ba. Na kasa zubarwa a kwata. Na shiga ɗakin Inna na yayyafa a ƙasa, yadda take yi kafin shara.

Baba ya shigo gida zai yi alwala. Ya zo daidai ƙofar ya tsaya, buta a hannu. Ya daɗe. Bai dubi ɗakin ba, bai dube ni ba. Ya ajiye butar ya koma zaure. Abincin rana ya dawo yadda aka kai shi.

Ban san ko na kyauta ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An gama.

Na jira aka kawo wuta, na tanadi maburgi ko da za a ɗauke. Na yi bisimilla. Na ɗiga binegar ɗigo-ɗigo. Digiri hamsin, pH huɗu, sanyi sannu a hankali, ruwan bagaruwa, ɗauraya sau uku. Kwanon ya yi shiru, ƙamshin ya shige ciki.

Na jiƙa shaddar a baho da ƙwayoyin da danƙo, na matse da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, na shanya a inuwar ɗaki. Sa'a ce da ruwan zuma ce, launin bagaruwa bai nuna ba. Amma ƙyallinta ya tafi. Ta fito dishi-dishi kamar an sha sawa.

Da ta bushe na kama kusurwa ɗaya, wurin da bai fi farce ba, na murza.

Inna ce ranar Juma'a, ta fito wanka, tana ɗaura kallabi tana cewa in miƙo mata kwalli.

Ba zan ƙara murzawa ba. Rabon Yaya ne.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Gwaggo ta ga shaddar ina ninkewa. Ta riƙe haɓa.

"Subhanallahi. Mi kinka yi ma shaddar ga? Sabuwa dal, kin kashe ta."

"Magani na sa mata, Gwaggo. Don Allah kada a wanke, kada a goge, kada a shanya a rana."

"Haka za a kai ma yaro cikin mutane? Su ce uwa tai ta bar mai tsumma?"

"Haka yake so."

"Uhm. Ƴan lakwal."

Na sa ta a akwati. Na maimaita mata abu ukun nan har sau biyu, ta ce ta ji, ita ba kurma ba ce.

Wayar Yaya ba ta shiga tun Asabar. Yakan yi haka. Mati ya ce wani lokaci sukan kashe waya su lafe a ɗaki in gari ya yi zafi. Ban tambaye shi irin zafin ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Laraba. Wayar ba ta shiga.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

Da safe na zare zare ɗaya daga bakin shaddar na tafi Malbaza in tabbatar sun kama. Sun kama. A mikroskof zaren ya fito kamar reshen magarya mai ƴaƴa, ƙwaya kusa da ƙwaya. Latifa ta yi guɗa a hankali don kada shef ya ji. Na sayo mata yawur, muka sha a tsaye.

Na iso gida wajen la'asar. Akwati a buɗe. Babu shadda, babu Gwaggo. Baba ya ce ta fita da ƙunshi tun azahar, ta ce za ta rumfar masu bugu.

Ban sa takalmi daidai ba. Na tari kabu-kabu na ce ya yi sauri.

Tun daga bakin layin na ji. Kafin ƙarar ma. Mai kabu-kabu ya ɗaga hanci ya ce, "Kai, amarya anka kawo unguwar ga?" Layin duka Inna ne. Ba kaɗan-kaɗan yadda na tsara ba. Gaba ɗaya, kamar ta buɗe ƙofa ta fito tsakar titi.

Sai ƙarar: tim, tam, tim, tam. Maza biyu zaune suna fuskantar juna, gungume a tsakani, shaddar a ninke a kai, kowa da gudumar icce. Ta yi ƙyalli kamar madubi. Sun riga sun juya ta ciki da waje, suna ninki na ƙarshe.

Na ce su tsaya. Ban san da wace murya ba, amma sun tsaya.

Babbansu, Malam Tanimun, ya share zufa yana dariya. "Hajiya ƙarama, wagga shadda taki da iskoki take. Shekara talatin ina bugu, ban taɓa ganin yadin da in ka doke shi yana huce maka turare ba. Kowane bugu sabon ƙamshi. Yaran ga har rigima suke wa zai karɓi guduma."

Gwaggo na zaune a benci gefen rumfa, mayafi a fuska. Wata mata mai tallan ƙosai ta bar kaskonta ta matso tana cewa, "Wallahi humrar Sa'adatu ce. Ita ta haɗa min ta aurena. Allah ya jiƙan Sa'adatu." Wasu mata biyu sun leƙo ta katanga.

Gwaggo ta ɗago, idonta jajur.

"Tun bugun hwari na ji ta. Na ɗauka ni ɗai ke ji, na ɗauka zuwa ta yi. Na ce su ci gaba, kada ta tahi." Ta ja hanci. "Kin ce wanki, kin ce guga, kin ce rana. Ban wanke ba, ban goge ba. Bugu ai gyara ne. Mi ya hana ki hwaɗa min abin da ke ciki?"

Tun ina goye nake jin ƙarar rumfar nan duk sanda muka bi ta layin. Duk shaddar da ta mutu nan ake kawo ta. Waɗanda suka rubuta takardun da na karanta ba su san bugu ba, ni kuwa na sani, ban tuna ba.

Malam Tanimun ya daina dariya. Ya ninke shaddar da hannu biyu ya miƙo mini, ya ƙi karɓar ladan aiki.

Muka dawo a ƙasa ni da Gwaggo. Ƙamshin ya raka mu har kwanar masallaci, daga nan ya tsaya.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kwalbar babu komai. Na sani, amma na sake dubawa.

Gwaggo ba ta karya ba. Na kai mata kunu na ce ba laifinta ba ne. Ta ce, "Na sani. Ba naki ba ne kuma. Sha naki." Muka sha tare.

Baba ba ya zaure. Na fita nemansa, wani ya ce ya gan shi wajen masu bugu. Na je na tsaya daga nesa. Yana zaune a bencin, kusa da gungumen, carbi a hannu. Baba da bai taɓa zama a rumfar kowa ba. Man ya shiga iccen. Suna ta bugun shaddojin Juma'a a kai, shi kuwa yana zaune kamar mai jiran tasa.

Ban bari ya gan ni ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Malbaza kuma. Zare biyu: ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga baki.

Na tsakiya ɓawo ne fasasshe, kamar inda aka sussuke gyaɗa. Na baki ma haka, sai dai a lungun da zare ya hau kan zare akwai waɗanda guduma ba ta kai gare su ba. Na ƙirga ɗari, na sami shida da rai. Na sake ƙirga wani ɗarin, na sami huɗu.

Latifa ta ce, "Shida ai ba sifiri ba ne."

Na ce zare biyu ba su isa a yanke hukunci a kan yadi biyar ba. Ta ce in bar mata lissafi haka nan, in ci abinci.

Yanzu duk shaddar na ƙamshi, ƙamshin man da ya fashe. Wannan zai bi iska kafin Mati ya wuce Agadas. Abin da zai isa hannun Yaya shi ne na cikin lungunan. In na murza in ji ko sun isa hanci ya kama, na cinye masa. Na naɗe ta a leda uku.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

An yi arba'in. An raba waina da goro, an raba kayanta.

Ina miƙa kwanoni ta ƙofar zaure, maza na shigowa da shaddojinsu bugaggu. Wani dattijo da ban sani ba ya gifta, na ji ta. Kaɗan, kamar daga ɗaki na uku. Bayan shi wani, sai wani saurayi mai shuɗiya. Na tsaya da kwano a hannu har Gwaggo ta taɓa ni.

"Ke ma kin ji?" in ji ta.

"Ban tabbata ba, Gwaggo."

"Ke dai ba ki taɓa tabbata ba."

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe tara da rabi na safe

Mati ya tafi. Na kai masa ƙunshin tasha da kaina. Na ce kada a wanke, kada a goge, kada a shanya, kada a buga, kada a zauna a kai, kada a ɗaure da igiya sosai. Ya ce, "Malama, shadda ce ko jinjiri?" Ya sa ta cikin rigarsa ta ciki maimakon jaka. Na so in ce gogar jiki ma na fasa su. Na bar shi ya hau mota.

Gwaggo ta bi motar Tajaye. Ta bar mini kuka da daddawa, ta ce in riƙa sa Baba cin abinci ko da faɗa.

Na yi wa Yaya saƙon murya na faɗa masa duka: ƙwayoyin, bugun, layin da ya cika, Baba a benci. Na ce in ta iso kada ya ɓoye ta a jaka. Ya kama baki-baki ya murza a hankali, kusa da hanci, wuri ɗaya a rana. Saƙon ya fita daga wayata. Bai nuna ya shiga tasa ba.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Ko ƙwaya nawa suka rage a yadi biyar.

Ko ɓawon da bagaruwa ta ƙarfafa zai jure zafin hanya wata guda. A inuwar Konni kawai na gwada shi.

Mene ne abin nan mai ɗaci a ƙasan sandal, kuma wa zan tambaya.

Ko abin da na ji a zaure ran Lahadi daga gungumen ya fito, ko daga kaina.

Har yaushe iccen zai riƙe, da inda Baba zai zauna bayan nan.

Dalilin da wayar Yaya ba ta shiga.

Ko Mati zai same shi a inda ya bar shi.

In ya murza bai ji komai ba, ko zai gaya mini. Na san Yaya. Zai ce, "Na ji ta, Nasiba, kamar tana ɗakin." Kuma ba ni da na'urar da zan auna wannan.